Jarka Bakwai da Doki Mai Fukafukai

In dai ina da rai da hankalina, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na rasa shagona na Karaye a kan hoto ba. Har yau in zance ya biyo ta wurin, wasu su ce taurin kai ne ya ja mini, wasu su ce wauta ce, tunda ɗan kasuwa ba ya faɗa da mai rumfa. Ni dai amsata ba ta canja ba. Da za a dawo da ranar, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Sana'ata sayar da firam ce, da madubi, da kalanda. Ban gaje ta ba, ba kuma wanda ya ɗora ni a kai. Daga Unguwar Hajji na fara, da tire a ka, ina bin kasuwannin ƙauye, yau Rogo, gobe Beli, jibi Gwangwan. Daga tire na koma keke, daga keke na koma babur. Sai da rana ta gasa ni shekara goma sha wani abu kafin na samu shago mai ƙofar ƙarfe a bakin titi. Wanda bai taɓa tuɓe rigarsa ya rufe gilashi ba lokacin da hadari ya taso a tsakiyar kasuwa, ba zai gane abin da rufin kwano yake nufi a wurina ba. Shagon yana cikin jerin shagunan wani Alhaji, dillalin hatsi da taki. Mutum ne mai kyauta, wannan ba ƙarya. Sai dai yana son a ce ya yi, har abin da bai yi ba.

Nakan saro tsofaffin firam na gwanjo daga Kano, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai cikin tarkace. Katakon nake so. Hoton da ke ciki kuwa, na kare ne ko na furanni, in zare in yar, in sa wanda mutanenmu za su saya. Wata rana na zare wata takarda mai kauri, ta yi ja-ja don tsufa, zan cukuikuye ta kenan sai maƙwabcina ya daka mini tsawa. Tsohon malamin zane ne, ya yi ritaya ya kafa ɗan teburi a gefen ƙofata yana yanka hatimin roba. Baba Malam nake ce masa.

"Kai ɗan kasuwa, tsaya! In ka lalata takardar nan ni da kai ne."

Na ce, "Baba Malam, takardar naɗe ƙosai ce fa."

"Kai ne dai ƙosan. Miƙo nan."

Ya kama ɗan yatsana ya bi da shi gefen zanen. Na ji wani ɗan kwarmi ya zagaye hoton ta ko'ina. Ya ce nan ne gefen farantin jan ƙarfe ya danne takardar. Ba da alƙalami aka yi ba. Da ƙarfe mai tsini ake yanka layi ɗaya bayan ɗaya a jikin farantin, a cusa tawada a cikin yankan, a goge saman, sannan a matse shi a kan takarda mai danshi. "Irin aikina ne," in ji shi, "sai dai ni roba nake yanka, su ƙarfe." Ya ce salon na zamanin da Turawa suke kira barok ne, sama da shekara ɗari uku da suka wuce. Ko takardar tun ta lokacin ce, ko daga baya aka sake bugawa, bai sani ba, kuma bai yi mini ƙaryar ya sani ba.

Sai a lokacin na dubi hoton da kyau. Ruwa ne ya haukace, igiyarsa tana tashi kamar tudu. A tsakiya ga wani dodon ruwa ya wangale baki. Daga cikin gajimare wani saurayi yana saukowa a kan doki mai fukafukai, mayafinsa yana tashi, da takobi a hannunsa na hagu. A gefe ga mace an ɗaure ta da sarƙa a jikin dutse, ta ɗaga ido sama. Can nesa a bakin gaɓa kuma ga wasu mutane 'yan mitsi-mitsi kamar tururuwa, sun ɗaga hannuwa. Matar ba ta da suturar kirki, don haka da muka mayar da hoton cikin firam, Baba Malam ya yanko ƙyallen atamfa ya manna a kan gilashin, ya ɗaura mata zane har ƙirji. Ya ce, "To, yanzu ta zama 'yar gari."

Na tambaye shi dalilin da jarumin ya zama bahago. Ya ɗauko hatimin da yake yankawa ya nuna mini rubutun a juye. Ya ce duk abin da ka yanka, a juye yake fitowa. Wanda ya kwafi wannan zane ya yanka shi yadda ya gan shi, shi ya sa dama ta koma hagu.

Sannan ya warware mini ma'anar. Ya ce sarakunansu da attajiransu ne suke son irin wannan hoto. Mai dokin shi ne sarki. Dodon shi ne abokan gaba, ko annoba, ko duk wata masifa da ta addabi jama'a. Matar kuwa ita ce ƙasar, ko garin. Sai a buga da yawa a raba, kowa ya rataye, kullum ya tashi ya ga wanda ya cece shi.

Na ce, "To wa ya ɗaure ta?"

"A labarin, mutanenta ne da kansu. Don dodon ya cinye ta ya ƙyale su."

"Ashe waɗancan masu ɗaga hannu su ne suka yi ɗaurin." Na sake duban hoton, wannan karon da idon ciniki. Na ce, "Baba Malam, wannan ai talla ce. In ba a ɗaure matar nan ba, mai dokin ba shi da kasuwa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce abin da ya shekara biyu yana koyo a kwaleji na faɗa a numfashi ɗaya. Na rataye hoton a cikin shago, na ce ba na sayarwa ba ne. Ban san na rataye wa kaina rigima ba.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya rasu, tana zaune da 'ya'yanta a wani ƙauye da ke hayin ruwan dam, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk ranar kasuwa sai su tsallako a kwale-kwale da sauran mata. Yaya tana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi mata tsiya a kai. In ta sayar da mai, ba ta barin jarka a buɗe. Sai ta sa 'yar leda a baki, ta murɗa murfin har sai ya yi ƙara, don kada kiyashi ya shiga. Sannan ta zura igiya ta hannun kowace jarka, ta ƙulle ɗaya bayan ɗaya. Kowace kuma da jan ƙyalle a hannunta, don kada ta cakuɗe da ta wasu.

Nakan ce, "Yaya, jarka ba komai a ciki, wa zai sace miki iska?"

Ta ce, "Auta, kai dai kula da gilashinka."

Ƙarshen daminar shekarar, ruwa ya cika maƙil. Bayan la'asar suna komawa gida, iska ta taso, kwale-kwalen ya kife da su a tsakiya. Mata tara ne da mai tuƙi. A cikin matan Yaya ce kaɗai ta iya ruwa, don tun tana yarinya a rafi take wuni. Da ta ɗago kai sai ta ga jarkokinta suna yawo a saman ruwa, a jere a igiyarsu. Ta kamo bakin igiyar da haƙori, tana iyo tana jan su, tana tura wa kowace mace ɗaya tana cewa, "Rungume! Rungume kamar ɗanki!" Jarka bakwai ce. Mata bakwai suka riƙe. Ta takwas ɗin, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ruwa ya tafi da ita. Mai tuƙin ya yi ta nutso yana nemanta har ya gaji, sai washegari aka sami gawarta. Masunta ne suka hango su suka zo da jiragensu suka fito da sauran.

Alhajin da nake haya a shagonsa yana kusa da gaɓa a lokacin, ana yi masa lodin masara. Ya sa aka sauke buhunan, ya kwashi matan a motarsa ya kai su asibiti, ya ɗauki nauyin magani. Wannan ya yi, kuma ba zan taɓa hana shi ladansa ba. Amma wani ya ɗauke shi hoto a waya, ya tattare babbar riga, ruwa iya idon sawu. Kafin sati ya zagayo, zancen da ake yi a teburin mai shayi shi ne Alhaji ya faɗa ruwa ya ceci mata takwas. Su matan sun koma ƙauyensu, ba wanda ya bi su ya tambaya. Shi bai ce ya yi ba. Bai kuma ce bai yi ba.

Da shekara ta zo ƙarewa, aka fara jin ƙishin-ƙishin zai tsaya takara. Wata safiya sai ga shi a shagona da kansa. Na ba shi kujera, muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, muka yi wa kasuwa addu'a. Duk wannan idonsa yana kan bango.

Ya ce, "Mai firam, kalandar bana kai za ka yi mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Ya nuna hoton da sandarsa. "Irin wancan nake so. A cire kan yaron nan a sa nawa. A mayar da takobin dama, ni ba bahago ba ne. Dodon a bar shi, shi ne ruwan. Wajen dutsen nan kuma a jera matan, yayarka a gaba tunda ita aka fi sani. A ƙasa a rubuta, wanda ya ceci iyayenmu mata."

Na ce, "Sarƙar fa, ranka ya daɗe? A bar ta ko a cire?"

Ya dube ni, ya ce, "Yadda ya fi kyau."

Da zai tashi ya ce mai shagon kusurwa zai tashi, yana tunanin a fasa bangon a haɗe mini su biyu. Har ya kai ƙofa ya juyo, kamar wanda ya tuna wani abu, ya ce ai wa'adin hayata ma ƙarshen shekarar nan ne, ko? Bai yi mini barazana ba. Manya ba sa barazana, tunatarwa suke yi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, raina ya biya. Shago mai ƙofa biyu, a kusurwa, inda duk motar da ta shigo gari sai ta gan ka. Na ce wa kaina takarda ce kawai, bayan shekara ɗaya a naɗe ƙosai da ita. Na ce ya ba ni kwana biyu, na hau babur na zagaya ta hanyar ƙasa na tafi wurin Yaya.

Na same ta a tsakar gida tana tuyar ƙuli. Tafin hannunta har lokacin da tabon igiya, haƙorinta na gaba ɗaya babu, a ruwa ta bar shi.

"Auta, yau kuma wace iska ce ta kwaso ka ba ranar kasuwa ba?"

Na zauna a kan turmi na kwashe komai na faɗa mata, har da shagon kusurwa. Ba ta daina juya ƙulinta ba.

Ta ce, "Ni ina ruwana da wanda aka ce ya yi? Allah ya gani. In Alhaji doki yake so a ba shi doki, a ƙara masa da raƙumi."

Na ji wani sanyi a raina, na ce shi kenan an warware. Har na fara gyara hula. Sai ta ajiye matsamin ta dube ni.

"Tambaya ɗaya dai zan yi maka. A hoton naku, ina za ku sa Inna mai daddawa?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ka ce mata takwas a kan dutse, shi a sama, kowa ya tsira. Mu tara muka shiga jirgin nan, Auta. 'Yarta ga ta nan bayan katangar nan, kullum muna haɗuwa a rijiya. Za ka buga takardar da ta nuna ba a rasa kowa ba, a kawo mata ta rataye a ɗaki tana duba kwanan wata?" Ta dubi hannunta. "Na kai gare ta fa. Yatsuna sun taɓa mayafinta. Jarka ce ta ƙare."

Tun da abin ya faru ban ji ta faɗi wannan ba sai ranar. Kunya ta rufe ni. Don in wanke kaina sai na ce to na fasa, ni da kaina zan buga kalanda da fuskarta, kowa ya san wadda ta yi aikin. Ta ɗauki matsamin ta nuna ni da shi, mai yana ɗiga.

"Ka kuskura. Fuskata a teburin mai shayi, 'yan acaɓa suna shan shayi suna kallona? Ka sauke Alhaji daga doki ka ɗora ni? Ni na ce maka ina son hawa? In yabo ne yake cin ka, je ka yabi jarka."

Ta ƙulle mini ƙuli a leda ta ce in kai wa yara. A hanyar dawowa na gane abin da ya dame ni da hoton nan tun ranar farko. Ba shi da wurin wanda aka rasa. An tsara shi ne yadda ido zai tafi kan mai doki, ya sauko kan takobi, ya tsaya. Wanda dodon ya riga ya ci ba ya cikin ciniki.

Washegari da hantsi na sami Alhaji a ƙofar sitonsa, a kan darduma, da mutanensa kewaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, aikin nan ba zan iya ba. Amma in ka yarda zan yi maka wani. Hotonka da motarka, a rubuta wanda ya sauke kayansa ya kai su asibiti. Wannan gaskiya ce, kuma abin alfahari ce. Kyauta zan yi."

Wani daga cikin 'yan zaman ya ce, "Kai, mota ai kowa yana da ita."

Na ce, "Ranar ai ba kowa ne ya kawo tasa ba."

Alhaji ya ce, "Wato ni maƙaryaci ne."

"Ban ce ba, ranka ya daɗe. Ban taɓa jin bakinka ya ce ka shiga ruwa ba. Amma in na buga, ni ne zan zama maƙaryacin, kuma da haƙorin yayata zan yi ƙaryar."

"Ka san shagon wa kake ciki?"

"Na sani. Shagon naka ne. Ruwan da ta sha kuwa nata ne. Ba zan sa hannuna a kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba."

 Wani dattijo ya ce in ba da haƙuri, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na ce haƙuri na bayar, aiki ne dai ba zan yi ba. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ƙarshen wata ka kawo mini makullina."

Na ce, "Ba sai ƙarshen wata ba. Jibi."

Wannan jibin, yanzu da na girma, na san girman kai ne zalla. Gaskiya ba ta buƙace shi ba. A gaggawar kwashe kaya manyan madubaina biyu suka fashe, matata ta yi kwana uku ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma da gaskiyarta, don ba a shawarce ta ba kuma ita za ta auna tuwo. Amma ita maganar farko, ko kalma ɗaya ban janye ba.

Baba Malam yana kallona ina ɗaure firam da igiya. Na ce ya yi zamansa, rigimar ba tasa ba ce. Ya ce, "Teburina ƙafa huɗu gare shi, ya fi ka iya tafiya." Na ba shi labarin abin da Yaya ta ce, har zancen yabon jarka. Ya shafa gemu, ya ce in samo masa babban fallen roba.

Kwana huɗu ya yi a zauren gidana yana yanka. Ya jingine tsohon hoton a gabansa, ya aro igiyar ruwan kamar yadda take, layi bisa layi, har kana jin kamar za ta fantsamo maka. Ya aro gajimaren. Amma inda dokin yake ya bar sama fayau, ba kowa. Ba dutse, ba sarƙa, ba masu ɗaga hannu. A tsakiyar ruwan ya sa jarka bakwai a jere a igiya. A ƙarshen igiyar kuma ya yanka ƙulli na takwas, a buɗe, ba komai a cikinsa.

Da hannu muka buga. Shi ya shafa tawada, ni in ɗora takarda in murza da bayan ludayi, mu ɗaga a hankali mu shanya a igiyar wanki. In ta bushe sai in tsoma ɗan yatsa a jan fenti in ɗiga a hannun kowace jarka. Muka maƙala takardun kwanan wata a ƙasa. Ya tambaye ni me za a rubuta. Na ce ba suna, ba kirari. Layi ɗaya kawai: Allah ya jiƙan wadda ba a kai gare ta ba.

Ranar kasuwar da ta biyo na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, daidai inda nake hango ƙofar tsohon shagona. Da gangan na zaɓi wurin. Ga furfura ta fara fito mini, ga ni a ƙasa kamar ranar da na fara. Wani mai sayar da takalma ya ɗaga murya, "A'a, manyan 'yan kasuwa! An dawo ƙasa ne?"

Na ce, "Daga nan na tashi, ta san ni."

Maza suka riƙa tsayawa suna juya kalandar, suna tambaya tallar man gyaɗa ce ko ta jarka. Ban yi wa kowa bayani ba. Sai da matan hayi suka iso. Ta farkon da ta ga jan ɗigon nan ta dafe ƙirji ta yi salati, ta kira 'yan'uwanta. Nan suka tsaya a tsakiyar kasuwa, kowace tana nuna wadda ta rungume, wannan ta ce ta uku ce tata, waccan ta ce ita ta ƙarshe ta samu. Abin da ba wanda ya tambaye su wata uku, suka faɗe shi da bakinsu, da ƙarfi, a gaban duk wanda yake da kunne. Yaya tana can layin masu mai, ko leƙowa ba ta yi ba.

Kalandar Alhaji ma ta fito. Ashe an ɗauki tsohon hoton nawa a waya tun yana bango, aka kai Kano aka buga. Mai sheƙi ce, ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, ga kansa da hula a kan doki mai fukafukai. A teburin mai shayi da yawa sai ka ga an rataye su biyun gefe da gefe. Ban taɓa cewa kowa ya cire tasa ba. Mutane suna da ido, gani kuwa ya kori ji. Ko ya ci zaɓe ko bai ci ba, wannan ba labarina ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da rana ta yi sanyi, ina shirin naɗe tabarma. Wata mata ta zo ta yi sallama ta tsuguna. Ta daɗe tana duban kalandar. Ba jarkokin take kallo ba. Ta sa ɗan yatsa a kan ƙullin nan na takwas, ta bar shi a wurin.

Ta ce, "Malam, wannan na Innata ne?"

Na ce, "Nata ne."

Ta gyaɗa kai. Ta naɗe takardar a hankali ta sa cikin mayafi, ta danne a ƙirji. Ta ce, "Ashe an san ta shiga jirgin."

Shagon bai dawo ba. Damina biyu na yi a kan babur, ina rufe gilashi da leda tsakanin Beli da Gwangwan, gwiwoyina suna ba ni labarin shekaruna. Daga baya na samu wani a Rogo, bai kai wancan girma ba, kuma ba a bakin titi yake ba. Ni da Alhaji muna gaisawa in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, gaisuwa cikakkiya, ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Baba Malam ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Fallen robarsa yana wurina. Yaya tana nan, ta bar wa 'yarta sana'ar, amma har yau in ta ga jarka a buɗe sai ta tashi ta murɗe ta, kuma ban sake yi mata tsiya ba.

Hotunan biyu suna rataye a shagona, mai doki da zanen atamfarsa, da mai jarka. Duk wanda ya tambaya nakan kama yatsansa in bi da shi kwarmin nan na gefen tsohuwar takardar, yadda aka yi mini. Wanda ya danna ta ya daɗe da zama ƙasa, sarkin da aka yi dominsa ba wanda ya san inda kabarinsa yake a nan, amma sawun hannunsu yana nan. Abin da na koya kenan. In aka nuna maka hoton mai ceto, kada ka tsaya kallon takobi. Tambayi wa ya sa aka zana, wa ya ɗaura sarƙar, wa kuma aka bari a waje. Shago bulo ne da kwano, in an karɓe wani za ka samu wani ko da an jima. Amma abin da ka danna da hannunka a takarda, ƙarya ne ko gaskiya, zai fi ka daɗewa, ka tafi ka bar shi a baya.